Burtuntuna a Hannun Baba

Yayana furofesa ne a ƙasar Turawa. Shekara da shekaru yana binciken yadda ido ke ruɗin mai shi, da yadda mutum ke yanke shawara. Ya taɓa buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya nuna mani jerin malaman jami'a da suka kafa hujja da aikinsa, ya yi ta ja ƙasa, sunaye ba su ƙare ba har wuyana ya gaji. Na ce, "Madalla, Yaya. Duniya duk tana jin maganarka, saura tsohonka."

Tsohon nan namu kuwa yanar ido ta rufe mashi ido biyu. Likita a Tasawa, inda nake koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya ce aikin ba shi da wuya a Maraɗi, amma in aka ci gaba da jan ƙafa ganin zai iya tafiya gaba ɗaya. Baba ya ce idonsa garau yake, mu ne bakinmu ba ya hutawa.

Da kaka Yaya ya sauka ƙauyenmu, kusa da Baudeta, da gilashinsa da ruwansa na kwalba. Sai dai shi ɗan fari ne. Baba ko sunansa bai faɗi, in sun haɗu a zaure kowa ƙasa yake kallo. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗaruruwan Turawa yana zuba, ga shi nan yana sosa ƙeya kamar wanda ya zo gaida surukai. Ni auta, da ba a taɓa zargina da kunya ba, ni aka aika in shawo kan Baba.

Yaya ya ja ni bayan rumbu ya ba ni darasi. Kada in ce za a yanka ido. In fara da waɗanda aka yi wa suka warke, don wai abin da kunne ya fara ji shi ke jan shawara. Na je na jero su tsaf: liman na Mayahi, mai gyaran keke, wata gwaggonmu. Baba ya saurara har na gama, ya ce, "Waɗanda ba su warke ba fa, su ba su da suna?" Na koma na ce wa Yaya, "Ilminka ya ci ƙasa, ka kawo wani."

A gidanmu ba mai zaɓen irin shuka sai Baba. Kowace kaka yana zama bakin dami, ya ware zangarnun dawa masu kyau na baɗi. Ranar ya zaɓa, ya ɗaure, ya tafi azahar. Fitarsa ke da wuya Inna ta kwance damin, ta shiga tsince masu burtuntuna, cutar nan da ke maida ƙwaya baƙin gari, wadda in ta bi iri sai ta ɓata gona. Ta maida masu kyau, ta ɗaure irin ɗaurinsa. Ni ma na taya ta, don mun saba.

Yaya ya tsaya baki buɗe. "Inna, tun yaushe kuke haka?"

"Kaka uku. In kunyata mai gida gaban ƴaƴansa?"

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Mai shago na bari Baba ya gaida shi da sunan wani, ya amsa. Maƙwabta na kawar da turmi daga hanyarsa. Gari duk ya haɗu yana rantse ma Baba cewa yana gani. Yaya ya dafe kai. Ya ce rabin abin da ya rubuta a duniya ke nan: wanda ba a bari ya ga kuskurensa ba, ba shi da dalilin canza shawara. Na ce, "Sai da ka haye teku ka gano wannan? To je ka faɗa mashi." Ya kalli takalminsa.

Wallahi na ji haushinsa, kuma na ji tsoro. Na kwashi zangarnun da Inna ta ware, na jira Baba ya dawo ya zauna, na durƙusa na sa mashi ɗaya a hannu.

"Baba, cikin irin da ka zaɓa aka fidda wannan. Murza ka ji."

Ya murza. Ƙwayar ta fashe ta zama gari. Ya kai hanci ya shinshina, don ko baƙin bai gani ba. Inna ta bar tankaɗe. Sannan ya tambaya ko bana ne kaɗai. Na ce kaka uku. Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi haka ba, har na so in ce wasa nake.

Kwana biyu bai yi mani magana ba. Ran na uku ya sa babbar rigarsa ya zauna gidan gaba na motar da Yaya ya ɗauko haya, bai ce wa kowa ya shigo ba. Muka shiga, sai Maraɗi.

Washegarin aikin aka kware mashi bandeji, ina tsaye gabansa riƙe da butarsa, kallabina ya zame baya. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya kafe ni da ido har na tsargu.

"Auta," ya ce, "furfura ce wannan a kanki? Yaushe?"