Ƙayar Hanyar Paki

Ba ni ya kamata in je ɗauko ta ba. A wurinmu uwa ba ta zuwa ɗauko 'yar fari goyon ciki, aikin gwaggo ne. Amma daminar nan kurkunu ya kwantar da gwaggonta, ƙafa ta kumbura har ba ta iya taka ƙasa. Aka yi ta jiran ta warke, wata ya fita, wani ya shiga. Da aike ya zo karo na biyu daga gidan mijin yarinyar, can wani ƙauye a ƙasar Kudan, maigidana ya ce in shirya. Na ɗaure kayana.

Shekara biyu ke nan ko uku da aka ce Turawa sun bar mana ƙasa. Mu dai a ƙauyenmu na gefen Paki ba mu ga abin da ya sake ba. Hanya tana nan yadda muka gaje ta, wadda ƙafa da kofato suka fitar, kuma kwana biyu ne zuwa Kudan ga wanda bai tsaya hira ba.

Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Tun da aka yaye ta gwaggonta ta ɗauke ta. In ta shigo gidanmu kuma ina son ta yi wani abu, sai in faɗa wa wanda ke kusa, shi ya faɗa mata, ko da tana tsaye a gabana. Haka uwata ta yi wa yayanmu, babu wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Kunya ce, kuma ni na riƙe ta fiye da sa'o'ina.

Ƙanin maigidana aka haɗa ni da shi, mai fataucin kanwa, da jakinsa. Furfura ta fara fito masa a gemu amma bakinsa bai girma ba. Abokin wasana ne, tun da muka fito yake kirana amaryarsa, ni kuwa ina ce masa ya fara sayen takalmi kafin ya yi zancen aure. Na yi murna da shi don abu ɗaya, na samu bakin da zan riƙa magana da ita.

A gidan surukai aka karɓe mu da fura. Uwar mijin ta ce ciki wata bakwai ne, ko a ce ya shiga na takwas. Na dubi yarinyar da wutsiyar ido lokacin da ta durƙusa gaishe mu. Cikin ya sauko ƙasa, kuma da za ta tashi sai da ta dafa bango. Wannan ba wata bakwai ba ne. Amma ba a ƙaryata suruka a tsakar gidanta, ita kuwa mai cikin ko da wuƙa ba za ta faɗi lissafinta ba.

Muka kama hanya da asuba. Ni ina da dokokina na tafiya, kuma ban sassauta wa kowa. A tashi kafin rana, a huta da hantsi, kada a sha ruwa ana haki. Ba a yanke ta cikin gonar mutum ko da kewayen ya yi nisa. In jaki ya kai baki ga dawar wani, mai jakin ne ɓarawo. Muka bi gefen fadamu, rake ya yi duhu dama da hagu, ƙasa tana kama ƙafa. Aka ɗora yarinyar a kan jaki, ba a jima ba ta ce wa baffanta ta fi son takawa. Na koma bayanta. Mai tafiya a baya shi ke ganin komai.

Da la'asar muka shiga Makarfi, muka sauka gidan wata ƙanwar uwata. Ƙanin maigidana ya dawo daga kasuwa da labarin wata motar kaya da za ta Ikara in hanya ta sha iska, ya ce mu jira ta. Na ce ban ɗauko 'yar mutane don a jijjiga ta a kan buhunan gyaɗa ba, kuma motar da ke kwana uku a taɓo ba ta fi jaki sauri ba. Ya ce tsoro nake ji. Na ce ƙwarai.

Da aka kawo tuwo yarinyar ba ta ci sosai ba. Ta yi loma biyu ta tashi, ta je ta tsaya jikin turken rumfa ta riƙe shi, wai tana kallon kaji. Na ga yatsunta a jikin icen.

A nan na yi kuskuren. Gidan cike yake da mata, ga tsohuwar da muka sauka wurinta, ga ungozoma katanga ɗaya tsakaninmu. Da na ce wa tsohuwa ta ja ta ɗaki ta tambaye ta, da an gama. Amma sai na ji nauyin a ga ina damuwa da 'yar fari a gaban mata, gobe a kai labari Paki a ce wance ta zubar da kunya a hanya. Sai na tura bakin da na saba turawa. Na ce wa baffanta ya tambaye ta ko lafiya.

Ya ɗaga murya daga inda yake zaune. "'Yata, an ce a tambaye ki, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baffa."

Me za ta ce wa namiji, ƙanin ubanta, a gaban taro? Na sani. Na karɓi amsar don ita nake so in ji.

An yi ruwa kafin gari ya waye, muka fita yana ɗiga daga ganye. Mun bar Makarfi da kamar tafiyar hantsi sai ta tsaya, ta sunkuya, ta ɗaga ƙafa wai ta taka ƙaya. Muka jira. Ta miƙe muka ci gaba. Can gaba ta sake taka wata. Baffanta ya yi dariya, ya ce ƙayar ƙasar nan ta san baƙo, shi ga shi ba takalmi bai taka ko ɗaya ba.

Ni ban yi dariya ba. Ƙasa a jiƙe take, ƙaya a kwance. Kuma na duba, ba ta jefar da komai in ta miƙe. Sai na fara ƙirga taku tsakanin ƙaya da ƙaya. Da fari nakan ɓace a lissafin don nisa. Da muka wuce wata rugar Fulani, inda muka sha nono a tsaye, tazarar ta dawo abin da zan iya riƙewa. Da rana ta take tsaka, daga wannan bishiyar ɗorawa zuwa waccan sai ta taka ɗaya. Bayan wuyanta ya jiƙe. Ba ta yi ko nishi ba, kuma a raina, Allah ya yafe mini, har da jin daɗi cewa ta iya haƙuri irin na gidanmu.

Na ce wa baffanta ya rage sauri, jakinsa ya gaji. Ya ce jakinsa ko amaryarsa? Ya waiwayo ya dubi fuskata, daga nan bai ƙara wasa ba.

Dabarata ita ce mu kai wani ƙauye da ke tsallaken rafi, inda na san akwai tsofaffi. Komawa Makarfi ya riga ya yi nisa. Tun kafin mu ga rafin na ji ƙararsa. Da muka zo wucewa kwana uku da suka wuce, ruwan bai kai gwiwa ba. Yanzu ya yi ja, ya haɗiye mashigin, yana tafe da karare da rassa. Ga rufin ɗakunan ƙauyen can muna gani, har hayaƙinsu.

Na karyi kara na kafa a daidai bakin ruwa, yadda ake yi don a gane ko yana janyewa. Muka zuba masa ido. Ruwan ya taɓa shi, ya kewaye shi. Ƙaruwa yake yi.

Baffanta ya ce akwai wani wuri sama, inda rafin ya yi faɗi a kan duwatsu, bari ya duba. Ya ɗaure jaki ya tafi da sauri. Sai da dawa ta rufe shi na gane abin da ya faru. Ya tafi da bakina. Daga ni sai ita.

Tana tsaye ta kifa goshi a kan akumarin jaki. Ni ina kallon karan da na kafa kamar shi ne ya kawo ni. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji wani abu kamar an tuntsurar da ƙwarya. Na duba, ƙasar da take tsaye a kai ta jiƙe, ba kuwa ruwan rafi ba ne. Ta sa ƙafa tana jawo ƙasa tana rufewa.

"Tun yaushe?" na ce.

Ta waiga ta ga ko da wa nake.

"Da ke nake. Tun yaushe?"

"Tun jiya, Inna. Tun kafin mu shiga Makarfi."

"Kika yi shiru."

"Ba ki tambaye ni ba."

Ba da tsiwa ta faɗa ba, ko kaɗan. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin hanya.

Akwai wata bukkar masu tsaron gona a kan tudu, taku kaɗan daga nan. Na kama ta, hannuna a ƙugunta, rabon da in taɓa jikinta tun tana goye. Na shimfiɗa zanena na biyu, ta durƙusa. Na haifi bakwai, amma ban taɓa karɓar haihuwa ba, kullum ni ce mai durƙuson, wata ce a baya. Na yi ta tuno abin da hannayen tsofaffin nan suke yi. Na riƙe ta ta baya ina karanta abin da na iya. Ta ciji bakin zane. Na ce ta saki, ta yi kuka in tana so, babu mai ji sai jaki. Ba ta yi ba.

Wajen azahar jaririn ya faɗo, namiji, ƙarami amma da murya. Na tsaga karan dawa na ɗauki ɓawonsa mai kaifi na yanke cibiya, na ɗaure da zaren da na zare daga gefen zanena. Na naɗe shi a ɗankwalina.

Mabiyiya ba ta biyo ba.

Na jira. Na shafa cikin, na sa ta tsuguna. Jini yana zuwa, ba da yawa ba amma ba ya tsayawa. Na juye ruwan gorarmu na ba ta na ce ta hura da ƙarfi, yadda na ga ana yi. Ta hura sau biyu, a na uku gorar ta suɓuce, kanta ya langaɓe a kafaɗata. Leɓenta ya yi fari. Na girgiza ta. Na ce ke. Na ce yarinya. Na ce 'yar nan. Duk abin da na saba kiranta da shi na kira, ba ta motsa ba.

Sai na kira sunanta. Ya fito mini wani iri, kamar kalmar wani yare, don sau ɗaya na taɓa jin sa da kyau, ranar da liman ya raɗa. Na sake kira a kunnenta, na uku da ƙarfi har jaririn ya firgita.

Ta buɗe ido. Ba ciwo na gani a cikinsu ba, mamaki ne.

"Ɗauki gorar nan ki hura," na ce. "Ba ki gama ba."

Ta hura. Ta sake hurawa, ta yi yunƙurin amai, sai ga mabiyiyar ta faɗo gaba ɗaya. Na duba ta da kyau ko ta cika, na danna cikin har na ji ya yi tauri a ƙarƙashin hannuna. Jinin ya ragu.

Da na leƙo waje baffanta yana tsaye can nesa, ya juya wa bukkar baya, wandonsa a jiƙe har ƙirji. Ya ce ya samu mashigi, namiji zai iya. Na ce ya tsallaka ya ce wa matan ƙauyen can a zo da tukunya da wuta da ungozoma. Ya tambaya me aka samu. Na ce ya samu wanda zai gaje masa jaki, ya wuce.

Sai bayan la'asar karan da na kafa ya fito a busasshiyar ƙasa. Mata huɗu suka ƙetaro da kaya a ka. Ungozomarsu ta duba cibiyar, ta duba mai jego, ta tambaya wa ya fito da mace hanya a wannan hali. Na ce ni ce. Ta tambaya ni wace ce a wurinta. Na ce uwarta. Ta dube ni ta daɗe, ban sunkuyar da kai ba, don na ci a dube ni.

A ƙauyen nan muka zauna, gidan mutanen da ba mu taɓa sani ba, suka yi ta dafa ruwan wanka da itacensu. A can aka yi suna, maigidana da uban yaron suka zo a ƙafa, kowa daga nasa gefen. Bayan nan muka ƙarasa Paki, tafiyar da ba ta cika yini ɗaya ba muka yi ta a biyu.

Ban ƙara kiran sunanta ba, har yau da ita ma take da jikoki. Amma a sauran hanyar nan na bar baffanta ya yi gaba da jakinsa da surutunsa. Ni ina bayanta da yaron a goye. Duk inda na ga inuwa sai in tambaye ta da bakina ko ta gaji, ta ce a'a, in ce ƙarya take yi, ta zauna.