Wayar da Ɗan Fari Ya Karɓe

Wannan abu ya faru bayan shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu, kafin canjin kuɗi. Damina biyu ke nan da muka baro Wagini saboda mutanen daji masu bindiga, muka tare a gidan ɗana na fari a cikin garin Batsari. Ni da nake da rumbu da garke, sai ga ni a ɗaki ɗaya mai taga kamar tafin hannu. Abin da ya rage mini 'yar wayata ce mai madannai. Da ita nake jin muryar ƙanwata da ke aure a Tsaskiya, don hanyar can ba ta biyuwa.

Jikana, ɗan wajen ɗan farin nan, yana karatu a babbar makaranta. Ya zo hutu ya ce shi aka ɗora wa shirya gasar ɗalibai: kowa ya yi bidiyo ko fosta a kan yadda mutum zai tsare sirrinsa daga 'yan damfarar waya. Shi zai fara yin na gwaji, su gani su kwaikwaya.

"Amarya," in ji shi, "ke za ki fito. Za a kira ki a ce daga banki ne, ki ba da lambar sirri, sai ki fashe da kuka."

Na ce, "Miji marar cefane, ni ce zan yi wautar?"

"Wasa ne. Ko kin tsufa ba ki iyawa?"

Ni da yaran unguwa uku suke taruwa jin tatsuniyata! Na ɗaura ɗankwali na zauna. Na yi rawar murya, na ɗora hannu a ka, na yi salati, hawaye ya zo da kansa.

A makarantarsu an ce abin ya yi kyau, har fuskata aka buga a fosta. Amma wanda ya iso wayoyin Batsari guntu ne. An yanke farkon, inda yaron yake bayani. Faɗin lambar da kukana kawai suka rage.

Mata suka fara shigowa jaje. "Sannu Iya, ashe abin da ya same ki ke nan?" In na ce wasa ne, sai su ce, "Haka ne, Allah ya mayar da alheri." Na daina fita ko suna.

Ɗana kuwa a ƙofar masallaci aka yi masa jaje. Ya shigo, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wayar a kan tabarma, ya ce zai adana mini.

To, ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa doguwar magana da shi ido da ido ba. Haka uwata ta yi, haka na tashi. Maganar tana nan cike da bakina, na juya fuska bango.

Jikan ya kira shi ya rantse wasa ne. Uban ya ce wadda ta faɗi lamba da sauƙi haka a wasa, wata rana za ta faɗa a gaske. Na aika matarsa, ita ma kunyarsa da tawa suka hana ta matsawa. Ta dawo ta ce, "Ya ce a yi haƙuri tukuna, Inna."

Matar takan ara mini wayarta. Amma hirar tsofaffi biyu ba ta yiwuwa mai waya na tsaye tana jira. Gaisuwa ce kawai: ya jiki, ya yara, sai an jima. Ƙanwata ta ce, "Yaya, fushi kike da ni?" Na ce a'a. Ban san tana kwance ba, ita ma ba ta faɗa a wayar aro ba.

Da kaka, bayan an cire wake, aka kira ɗana aka faɗa masa rasuwarta. Ranar sadakar uku ya ajiye wayar a bakin tabarmata, ya fita.

Cikin matan da suka zo mini jaje, biyu sun rasu. Mijin ƙanwata yana nan, ya koma Safana, ido ya tafi. Jikan ya gama karatu yana neman aiki. Ɗana yana nan, kullum da safe yana durƙusawa a bakin ƙofa. Ni ma ina nan, a ɗakin.