Ranar da Na Hana Fitar da Ɗanɗane

Cikin ranakun aikin nan akwai wadda ta ƙi barin raina, ita ce ranar da na hana fitar da ɗanɗane a wani gida a Sabon Gari. Ku da kuka shigo kwanan nan ku saurara, don na ga wasunku ma sun fara maƙo da kayan mutane.

Shekarata ta biyu ke nan a wurin Hajiya Lanti, mai haɗa kayan gara, wato cincin da dubulan da alkaki da dangin amarya suke kaiwa gidan ango. Tsarinta shi ne mu je gidan mai biki mu yi aikin a can. Akwai masu kwaɓi, akwai masu murji, akwai masu suya. Ni da yake na gama sakandare, sai aka ba ni awo da littafi. Kowane kwanon fulawa da kowace kwalbar mai sai na rubuta. Ji nake kamar wata babbar akanta.

Mai bikin Malama Hajara ce, malamar firamare, za ta aurar da 'yarta ta fari. Bokiti huɗu take so kafin Juma'a, kuma ta faɗa mana ko sisi ba ta da shi bayan abin da ta bayar. Na buga lissafi, na rage ƙwai a cincin, na ce a tsoma alkaki a sukari maimakon zuma. Na ce mata zai isa, har da bugun ƙirji.

Ranar Talata muka soya cincin. Da yamma na leƙa bokiti, na ga da sauran wuri sosai. Awona daidai ne, babu abin da ya ƙone, masu suya kuma ba su ci na a zo a gani ba. To ina ya tafi? Abin ya tsaya mini a rai. Washegari, ranar alkaki, na jawo kujera kusa da murhu, ba na komai sai kallo.

Kaskon farko na sauka, Malama ta ɗebo a faranti ta miƙa ta kan katanga. Na biyu ya tafi gidan Iya Tabawa, wata dattijuwa da gidanta ke kallon nata. Kafin azahar na ƙirga faranti tara. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na kama ɓarawo.

Na ja Malama gefe na nuna mata littafi. Ta ce, "Sa'a, ƙamshi ya shiga gidan mutum, a ce bai ɗanɗana ba?" Na ce in aka ci gaba a haka, bokiti na huɗu ba zai cika ba. Tsoron kunya a gaban surukai ya rinjaye ta, ta ce to, a bari.

Alhamis ranar dubulan ce, kuma dubulan hannu yake ci, don ɗaya bayan ɗaya ake naɗa shi. Sai na ga tsakar gida wayam. Matan unguwar da suke shigowa da hantsi su zauna murji ana hira, ko ɗaya ba ta zo ba. Can Iya Tabawa ta aiko a ba ta babban kaskon da muke suya da shi, ashe nata ne. Kafin rana ta take, itace ya ƙare.

Na koma littafi ina mamaki. Ashe itacen da na saya bai wuce na kwana ɗaya ba, ta yaya ya kai mu kwana biyu? Na tambayi mai suyarmu, ta yi dariya ta ce ai faranti ba ya dawowa haka nan. Wannan ta maido shi da ƙullin sukari, waccan da ƙwai uku, matar bayan gida kuwa dami biyu na itace ta jefo ta katanga. Ni idona yana kan abin da yake fita, ban taɓa duba abin da yake shigowa ba. Da suka ga an daina miƙo musu, sai suka ɗauka ba a bukatarsu.

Na kira Hajiya a waya, ta zo a adaidaita. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓi littafin ta juya shi, ta tambaye ni ina shafin maƙwabta. Na ce babu. Ta cika faranti da dubulan mai zafi ta ɗora mini a hannu, ta ce, "Ke za ki kai, da ƙafarki."

Na yi sallama gidan Iya Tabawa, na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta ce, "Au, 'yan kamfani kun tuna da mu?" Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta ce sukarin ya yi, amma naɗin na masu sauri ne. Sai ta zura hijabi, ta ce in ɗauko kaskon.

Kafin la'asar mata shida ne a kan tabarma, itace kuma ya sake faɗowa ta katanga. Da safiyar Juma'a muka rufe bokiti na huɗu, sai da aka danna murfin.

Tun daga nan, in na yi wa mai biki lissafi, a kowane kwano goma nakan ware ɗaya na ɗanɗane, kuma nakan tambayi gida nawa ne suke jin ƙamshin girkinta. Aikinmu a tsakar gidan mutane ake yin sa, mu gama mu tafi, su kuma suna nan da juna. Abin da yake damuna har yau shi ne, yini guda cur Malama Hajara ta kasa leƙa ƙofar gidanta don kunyar maƙwabtanta, kuma ni na jawo mata, a kan abin da bai kai kwano biyu ba.