Baba Saje da Ƙafar Fitilar da Ta Faɗi a Ribah

"...da safen nan, bayan ya sha kununsa. Ba ciwo, ba komai. Talatu, kina ji na kuwa?"

Ina jin ta. Malama Asabe ce, abokiyar aikina a sakandaren da nake koyarwa a nan Zuru, tana tsaye a ƙofar ofishin malamai da alli a hannu. Baba Saje mai hoto ya rasu. Na rufe littafin da nake dubawa, na ce mata lallai Baba bai canja hali ba: mutumin da bai taɓa bari a jira shi a wurin biki ba, ba zai sa mutuwa ta jira shi ba. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Sai da na hau kabu-kabu zuwa gidansa hawayen suka zo, inda ba mai gani sai iska.

Sunansa Ɗanladi, amma tun da ya ajiye kakin soja ya buɗe shagon hoto kusa da kasuwa, ba wanda ya ƙara kiran sunan. Da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka ga aikinsa a bango ba: auren coci, bikin suna, samarin da ke shirin tafiya soja, tsofaffin da suka sauko daga tudu sau ɗaya don a ɗauke su kafin su tafi. Da bidiyo ya shigo, ya koye shi da furfurarsa, bai yi ƙorafi ba.

Na shiga hannunsa ne a wani dogon yajin aikin jami'a. Ina karatun aikin jarida a Sakkwato, na dawo gida da manyan kalmomi da hannun da bai iya komai ba. Na zaci da kyamara za mu fara. Mako uku bai bari na taɓa ta ba. Ƙafar fitila ya miƙo mini, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora fitilar hoto da laimarta a kai. Nasa guda uku ne, baƙaƙe, munana, kowace ta kai nauyin ɗan akuya.

"Ɗiyata," in ji shi, "kowa fitila yake kallo. Ni abin da ke riƙe da ita nake kallo."

Yana da hanyarsa ta zaɓe, kuma ba ya sauya ta a gaban kowane ɗan kasuwa. Zai ware ƙafafun iyakar buɗewarsu, ya ga faɗin ƙasar da suka ci. Zai zare sandar har ƙarshen tsawonta, domin a cewarsa kowace jaruma ce idan tana gajeriya. Sai ya ɗora fitila, ya buɗe laima, ya tura saman da yatsa ɗaya. Idan ta girgiza ta tsaya nan take, an shirya. Idan ta ci gaba da karkarwa kamar mai zazzaɓi, sai ya yi wa mai kaya fatan ciniki ya wuce. Maɗaurin roba ba ya shiga shagonsa, sai na ƙarfe, wanda mai walda zai iya cetowa ran da ya lalace. A wurin aiki kuwa, dole ƙafa ɗaya ta fuskanci inda fitilar ta karkata, a kuma rataya jakar yashi a gindi, ko da a cikin ɗaki ne. Na taɓa tambayarsa wace iska yake tsoro a ɗaki mai bango huɗu. Ya ce, "Iska mai ɗaurin kallabi, wadda ke rawa da baya-baya."

Haka yake ɗaure ƙafafun fitilar a bayan babur har garin Danko, ya isa awa biyu kafin kowa, ya zagaya wurin yana duba inda yara za su zauna don kada ya kafa fitila a kansu. Ban taɓa jin ya yabi hoton da ya ɗauka ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne, cewa a duk shekarunsa fitilarsa ba ta taɓa sauka a kan baƙon kowa ba.

Da na gama karatu na fara karɓar aikin kaina, na sayo ƙafafu biyu a Sakkwato, farare masu sheƙi, marasa nauyi, suna naɗewa su shige jaka. Na kai masa don ya ga ci gaba. Ya ɗaga yatsa zai tura, na riƙe hannunsa ina dariya, na ce, "Baba, zamani ya wuce yatsa." Ya mayar da hannun aljihu. "To, madalla," ya ce.

A wani aure a Ribah zamanin ya nuna mini iyakarsa. Farkon damina ne, an yi rumfa a fili, ni kuma na bar jakar yashi a gida saboda nauyi. Ana tsakiyar liyafa iskar hadari ta taso, ta cika laimar, ƙafar ta tashi kamar an kira ta. Fitilar da zafinta ta faɗi taku ɗaya daga kakar amarya, ta tarwatse. Ba wanda ya ji rauni. Tsohuwar ta dubi gilasan, ta dube ni, ta ce, "'Yar boko, saura kaɗan ki haɗa mana taro biyu a rumfa ɗaya." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Baba Saje yana wurin, an gayyace shi. Ya tsince gilasan a hularsa don kada yara su taka, ya ɗauki ƙafar da ta lanƙwashe ya ɗaure a bayan babur ɗinsa. Daga ranar na ajiye kyamara, na nemi aikin koyarwa, na riƙa gaya wa mutane sha'awar ce ta fita. Shekara biyar muna gaisawa a ƙofar coci, bai taɓa tayar da zancen ba. Na ɗauka ya yafe mini ne ta hanyar cire ni daga lissafin almajiransa.

Kwana uku bayan an binne shi, matarsa, Mama Hannatu, ta aiko a kira ni. Auren autarsu Rahila yana tafe a makon Kirsimeti, kuma shi ya yi niyyar ɗauka da kansa.

"Ya ɗauki auren 'ya'yan kowa a garin nan," ta ce. "Na autarsa ne zai wuce ba hoto?"

"Mama, akwai masu hoto a gari. Matasa, da sababbin kaya."

"Na gan su. Ke nake tambaya."

"Kin manta da Ribah?"

"Ni ban je Ribah ba. Ungo makullin shago. Je ki gaida kayansa, ki dawo ki ce mini a'a in kina iyawa."

Rahila ta raka ni. A kusurwar shagon ƙafafu huɗu muka tarar, ba uku ba. Ta huɗun tawa ce. An miƙe ta, an ƙara mata ƙarfe a kowace ƙafa don ta ci ƙasa sosai, an cire maɗauran roba an sa noti. An shafe ta da baƙin fenti, amma wurin riƙo ya goge har farin ya fito. A gindinta akwai jakar yashi da aka ɗinka da tsohon wandon kaki.

"Ita yake fara ɗauka duk aikin da za shi," in ji Rahila. "Yana cewa wadda ta taɓa faɗuwa ta san inda ƙasa take. Yaya Talatu, ke kaɗai ce ba ki sani ba a garin nan, kuma ke ce mai digiri."

Na ware ƙafafun. Na zare sandar har ƙarshe, na ɗora fitila, na buɗe laima. Na tura da yatsa ɗaya. Ta girgiza sau ɗaya, ta tsaya.

Allah ya ji ƙan Baba Saje, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa cikin salama bayan doguwar tsayuwa. Ya saka masa da alheri a kan kowane kai da ya kare ba tare da mai kan ya sani ba. Ubangiji ya ta'azantar da Mama Hannatu, ya zama madogararta. Ya albarkaci auren Rahila, ya riƙe 'yan'uwanta da jikoki, ya tsayar da gidan nan a ranar da iska ta taso. Mu da muka rage, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Na ce wa Rahila ta gaya wa Mama zan iso awa biyu kafin kowa. Na naɗe ƙafar na saɓa a kafaɗa, na ɗauki jakar yashi. Nauyinta bai ragu ba. Na ja ƙofar shagon, na sa kwaɗo, na kama hanyar gida.