Matsamin Iya Mas'uda

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a Azare, amma darasin da ya fi burge ni a bakin kaskon ƙosai na gan shi.

Iya Mas'uda maƙwabciyata ce. Daga Bulkachuwa aka kawo ta, ba ta taɓa shiga aji ba, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Mijinta Malam Hammawa ɗinkin hula yake yi da ido ɗaya, ɗayan ƙyanda ta tafi da shi tun yana yaro. Taurin kansa kuwa, unguwa ta shaida.

A watan Maris na 2006 rediyo ya sanar za a yi kusufin rana ran Laraba, kowa ya guji kallonta. Malam Hammawa ya ce shi kam sai ya kalla, ai ranar da aka rufe ba ta da kaifi. Na zauna na zuba masa bayani har da Turanci da zane a ƙasa. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ilimi." Na tashi raina a ɓace, don na san idon nan kaɗai yake ci da shi.

Iya ta kira ni gefe. "Malam, bar dogon zance. Zafin ranar yana raguwa ko a'a?"

Na ce haske ne ke raguwa, abin da ya saura ya isa ya ƙona ido. Na ƙara mata da cewa ta ƙaramin huji ana iya ganin hoton rana a ƙasa.

Da hantsin Laraba gari ya soma dishi-dishi, kaji suka rikice. Malam Hammawa ya ajiye allura zai ɗaga kai. Iya ta kifa faifai a kan kaskon mai, ta bar gefe kaɗan, ta dubi mijinta.

"Malam, na rufe mai. Tsoma yatsa ta nan."

"Kin haukace?"

"To idonka za ka tsoma?"

Kafin ya sami amsa ta ɗaga matsaminta, ludayin nan mai huji-huji da take tsame ƙosai, ta riƙe shi saman farin buhu. Jama'a, sai ga 'yan jinjirayen rana reras a kan buhun, kowane huji da tasa! Masu sayen ƙosai suka yi caa, ana ture-ture, ana salati. Ni da na faɗa mata dabarar ma tsigar jikina tashi ta yi, na yi ta dariya kamar yaro.

Malam Hammawa ya durƙusa a gaban buhun, bai ɗago ba har gari ya washe. Ƙosai ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula. Can ya ce, a hankali, "Mas'uda, ɗaga shi kaɗan, ban gama gani ba."

Duk da gajiya, ta ɗaga.