Guɗar Kaka a Filin Tanis

Duk baƙon da ya shigo falona, idonsa kan fara sauka ne a kan kofunan da ke jere a saman kabad. Sai ka ji ya ce, "Kai, Hauwa, ashe haka kika yi tashe!" Ni kuwa in yi murmushi in miƙe in kawo shayi. Ba ƙarya ya yi ba. Na yi shekaru ina buga tanis a matsayin sana'a, na buga a kan ciyawa, na buga a kan jar ƙasa, na ɗauki kofi a garuruwan da ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Amma sunan da ke jikin kofunan nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Sunan kakata ne, ita aka mayar mini, kuma akwai abin da na yi mata wanda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A unguwar Tottenham ta London muka tashi, a hawa na huɗu na wani gidan council, irin gidajen hayar nan na hukuma. Babana karatu ya kawo shi wata jami'a a unguwar Bloomsbury, karatu ya ƙare, komawa gida ba ta yiwu ba, ya kama tuƙin bas. Mama kuma tana aikin shara da goge-goge a ofisoshi, tun asuba take fita. Shi ya sa aka ɗauko mahaifiyar Baba daga Gezawa ta zo ta riƙe mu, ni da ƙanwata Bilki. Saboda sunanta nake ɗauke da shi, iyayena ba sa iya kirana Hauwa, sai Ummi. Ita kuwa ba ta taɓa kirana da komai ba sai "takwara".

Kaka ba ta taɓa shiri da sanyin London ba. Akwai hita mai gas a falonmu, ita take kira murhu. Nan za ta shimfiɗa darduma, safa biyu a ƙafa, tsohon kwat ɗin Baba a kan zanenta, ta miƙa tafin hannu ga wuta. A wurinta ba a tatsuniya da rana, ko za ka mutu da roƙo. To amma da hunturu duhu kan rufe tun ƙarfe huɗu, don haka muna dawowa daga makaranta Bilki za ta nuna mata taga. Kaka ta leƙa, ta girgiza kai, ta ce, "Wannan gari ko lokacinsa ba shi da kan gado. To ku matso, ga wata nan na ɗauko muku." Mu ce ta zo mu ji ta, Bilki da Hausarta mai karkatar harshe. In ta gama kuma ta ce, "Kurunkus, a rage murhu kafin ubanku ya dawo."

Wadda muka fi so ita ce ta zabuwa. Wai an yar da wata jaririya a daji, zabuwa ta tsince ta, ta raine ta da tsaba, ta koya mata gudu da kaucewa irin na zabi. Yarinya ta girma ta shiga gari, ta tarar 'yan mata na tsere a dandali. Ta shiga, ta bar su a baya duka. Zabuwa kuwa ta biyo ta a ɓoye, tana kan bishiya tana kallo. Daɗi ya cika ta, ta kasa daurewa, ta fashe da kukan nan nasu mai cika kunne. Dandali ya kwashe da dariya, ana cewa, "Wannan mai kwakwazon ta wace ce?" Yarinya ta duƙa ta ɗauki dutse, ta ce, "Ni ban san ta ba," ta jefe ta a fiffike. Zabuwa ta ja jiki ta koma daji. Da nadama ta kama yarinya ta bi ta, sai ta tarar da zabi fal, zane iri ɗaya, kuka iri ɗaya, ta yi ta kira babu wadda ta waiwayo.

Ni ce kullum mai cika baki a ƙarshen labarin. In ce wallahi da ina wurin sai na zane yarinyar nan. Kaka ta yi dariya ta ce, "Ji takwara da zafin kai, kamar ni ina budurwa."

Tanis kuwa a filin unguwa na fara shi, inda raga ta yage, ba a biyan ko kwabo. Wata malamar motsa jiki a makarantarmu ta ga hannuna, ta ba ni tsohon raket, ta haɗa ni da wani koci. Baba na kan bas, Mama ta dawo a gajiye, saboda haka Kaka ce mai raka ni. Raket ɗin rariya take kiransa. Ita ta ɗinka mini farin wando har idon sawu don kada in fita da ɗan buje. Ta zauna a benci da carbinta, in ƙwallo ta gangaro wajenta ta tattara a gefen zane ta miƙo mini. Ba ta san yadda ake lissafin wasan ba, fuskata kawai take dubawa ta gane ko na ci.

Abin da ban faɗa ba shi ne, a Gezawa Kaka ce mai guɗa. Ba a kai amarya ba a kira ta ba. In ta kama hanci ta rangaɗa, har unguwa ta gaba an san an yi abin arziki.

Ina da shekara goma sha uku na kai wasan ƙarshe na wata gasar yara, a wani kulob na masu hali can bayan gari. Ciyawa kamar an goge ta, iyaye a jere cikin fararen huluna, ana magana ƙasa-ƙasa. Shi tanis dokarsa ke nan, in ƙwallo tana sama ko tari ba a so. Ni ban taɓa gaya wa Kaka ba, don a filin unguwarmu wa ya damu? Ta ci kwalliya da atamfarta ta Sallah, ta saka mayafi mai ruwan goro, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau bas.

Wasa ya yi zafi. Abokiyar karawata ta sako wata ƙwallo can kusurwa, na bi ta da gudu na mayar, kowa ya ɗauka ba zan kai ba. Ƙwallon tana sama, ba a gama ba, sai na ji ta. Ayyururui! Kaka ta miƙe tsaye, ta kama hanci, ta saki guɗa tun daga cikinta. Tsuntsaye suka tashi daga shinge. Yarinyar ta saki raket ta dafe ƙirji. Alƙaliyar wasa ta tsayar da mu, ta juya ta roƙi a yi shiru, ta ce a sake bugawa. Wasu suka rufe baki suna dariya, wani yaro ya kwaikwaye ta. Kaka ta duba hagu ta duba dama, ta zauna a hankali.

Na ci wasan. Aka ba ni kofina na farko, da sunanmu a jiki. Muna wajen shan shayi, Kaka na tsaye a bayana riƙe da jakata, sai uwar wata yarinya ta matso da fara'arta ta tambaye ni da Turanci, "Wannan kakarki ce?" Babu mugunta a muryarta, ko kusa. 'Yan matan kulob suna tsaye suna jiran amsa. Na buɗe baki na ce a'a, cleaner ɗinmu ce.

Kaka ba ta jin Turanci. Amma wannan kalma ɗaya ta san ta sarai, don ita ce sunan aikin da ke fitar da Mama kullum da asuba. Ban waiwaya ba. Na dai ji ta gyara riƙon jakar. A bas ta ɗora kofin a cinyarta tana shafa rubutun da babban yatsa har muka sauka.

Da yamma Bilki ta nace sai an yi tatsuniya, kuma ta zabuwa take so. Lokacin bazara ne, rana ba ta da niyyar faɗuwa. Kaka ta sa aka ja labule, ta kunna murhunta duk da zafi, ta zauna. Ni ina gefe, na san yau za a yanka ni a gaban ƙanwata. Ta fara kamar kullum, har zabuwa ta fashe da kuka, har dandali ya yi dariya. Sai ta ce, "Nan zabuwa ta sauko ta ce, ku yi haƙuri mutanen gari, ni 'yar daji ce, ban san ba a kuka a nan ba. Ta koma kan bishiya ta kama bakinta. Yarinya ta ci tsere, suka koma gida tare."

Bilki ta daka tsalle, da karkatacciyar Hausarta take faɗa, ba haka ba ne, ina dutsen?

"Wane dutse?" in ji Kaka. "Babu wani dutse, ke dai kin cika surutu." Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce a rage murhu.

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ba ta gaya wa Baba ba, ba ta gaya wa Mama ba. Ta ci gaba da raka ni, sai dai yanzu a wajen shinge take tsayawa, can nesa da mutane. Kuma daga ranar, duk sanda aka yi tatsuniyar zabuwa, babu dutse a ciki. Kullum ina cewa gobe zan durƙusa in ba ta haƙuri. Gobe ta zama wata, wata ya zama shekara. Abin ya yi mini nauyi a baki, ita kuma ba ta bar ƙofar da zan shiga ba, kullum wasa da dariya.

Na bar makaranta na shiga sana'a sosai. Yau ina wannan ƙasa, jibi ina waccan, otal mai arha, jirgin ƙasa, ciwon gwiwa. Sunana ya fara fitowa a jarida. In na bugo waya gida, tambayarta ɗaya ce: "Takwara, an rubuta sunana?" In na kawo kofi ta karɓa ta goge shi da lemun tsami har ya yi ƙyalli, ta jera a saman talabijin. Ba ta iya boko ba, amma ta san kamannin sunanta, tana nuna wa baƙi da yatsa.

A shekarun casa'in na sami shiga babbar gasar nan ta kan ciyawa da ake yi a kudancin London, wadda duk mai riƙe raket yake mafarkinta. Na ce da kaina yau zan biya bashin bakina. Na samo mata kujera a gaba, Bilki ta riƙo ta, don lokacin sai da sanda take tafiya. A raina na ce in na ci ta rangaɗa, kowa ya ji, in nuna ta in ce kakata ce.

Na ci wasan farko. Ƙwallon ƙarshe na faɗuwa na juya wajenta, na kasa kunne. Tana zaune, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, tana tafi a hankali da 'yan yatsu, kamar yadda ta ga Turawan gefenta suna yi. Hawaye na bin kumatunta, amma ko ƙis ba ta yi ba.

Da na fito na same ta a bakin ƙofa. Na ce, "Kaka, ina guɗata?"

Ta kama hannuna ta ce, "Ai na koyi irin ta garin nan. Yau dai ban ba ki kunya ba ko, takwara?"

Da gaske take tambaya, ba gatse ba ne. Shekara da shekaru tana ɗauke da abin a matsayin laifinta. Nan ne ya kamata in zube a ƙasa, a gaban kowa, in ce ni ce na yi abin kunya. Amma wani ɗan jarida yana jirana, koci yana taɓa agogo. Na ce, "A'a Kaka, kin yi daidai," na tafi. Tir da ni. A zagaye na biyu aka fitar da ni. Da hunturun shekarar ta rasu, ina wata ƙasa ina wasa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce, kada ka guji wanda ya raine ka. Wannan kowa ya sani, ni ma na sani, kuma bai hana ni ba. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne abin da ta yi a daren nan. Ta cire dutsen daga hannun yarinyar don kada ƙanwata ta gan shi a hannuna, ta ɗora wa zabuwa laifin, ta rayu da shi har ta koma ga Allah. Ni kuma na bar ta.

Yanzu koyar da yara nake yi a filin unguwarmu, an sake raga. Duk uwa ko kakar da ta rako 'yarta, nakan ce mata ta shigo cikin shinge, ta yi ihu yadda ranta yake so. Ni kaina ban iya guɗa ba. Na sha gwadawa a mota in na rufe gilashi, abin da ke fitowa ko kusa bai kama hanya ba.

'Ya'yana mata biyu ne, kuma suna son tatsuniyar zabuwa. Da dutsen nake ba su ita. Kwanan baya ƙaramar ta ɓata fuska ta ce da tana wurin sai ta zane yarinyar nan, ta tambaye ni ko yarinyar tana da suna. Na nuna mata saman kabad, na ce ta je ta karanta.