Karyar da Ta Haihu a Madafata

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe sanyin shekarar da karyar maƙwabciyata ta haihu a madafata.

A Kafanchan muke zaune lokacin, kusa da layin dogo, maigidana yana aikin jirgin ƙasa. Duk wanda ya yi Disamba a garin ya san sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro. Kafin in hura wuta da safe nakan sa sanda in motsa tokar murhu, domin kyanwar unguwa ta saba kwana a ciki. Mata da yawa sun ƙona kyanwa a haka, ba da niyya ba.

Ran nan ina sa sanda sai na ji gurnani. Kyanwa tana saman itace ta takure, karya kuma kwance jikin murhu da 'ya'ya huɗu, ko ido ba su buɗe ba. Na biyar ya gangara bakin ƙofa, ya riga ya sandare. Mai karyar, wata Kirista 'yar Kagoro da katanga ce kawai tsakaninmu, ta tafi gida Kirsimeti da iyalinta.

Maigidana yana hanyar Maiduguri. Yayansa ne a gidan, ya sauka wurinmu ya zo sarin citta. Da ya leƙo ya gani, ya ce, "Amarya, kare a inda ake dafa mana abinci? Samo buhu in kai su bayan gari."

Na ce, "Yaya, a wannan sanyin ba za su kai gobe ba."

"To ke kika haife su?"

"Wanda Ya halicce ni Shi Ya halicce su."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na tsaya a ƙofar madafa ban matsa ba. Ya ce muddin suna gidan nan ba zai ci abin da na dafa ba. Na ce Allah Ya huci zuciyarsa.

Ban bar su a madafa ba, ni ma na san tsarki. Bayan bangon murhu, wurin da ke riƙe zafi, na jingina tsohon langa-langa na shimfiɗa tsummoki, na lallaba uwar da ɗumamen tuwo har ta kwashe su da bakinta ta koma can. Kowace yamma in ɗebi toka mai ɗumi a fasasshen kasko in ajiye musu gefe, in zuba mata abinci da ruwa a kwanon da na ware mata. Kyanwa ma na yi mata kwali. Sannan in wanke hannu, in yi alwala, in yi sallata.

Kwana tara Yaya yana cin abinci a tasha. Matan unguwa suka sa mini uwar karnuka. Wata ta tare ni a bakin rijiya, wai yaushe ne suna? Na ce ranar Laraba, ta zo da gudummawar ƙashi.

Da maƙwabciyata ta dawo na kai ta bayan bango. Ta durƙusa tana shafa su, ta ce da irin Hausarta, "Maman yara, kai ne ka yi wannan? Ubangiji ya gani." Idonta ya cika, nawa ma.

Yaya ya tafi bai yi mini sallama ba, ya daɗe bai sake taka gidanmu ba. Da maigidana ya dawo, ya ce in aika wa Yaya da ban haƙuri. Na aika, amma na ce a faɗa masa ban haƙurin a kan tare ƙofa ne, ban da karnukan. Ko yau aka maimaita, a ƙofar nan za a same ni.

Abin da na koya shi ne, ana iya girmama babba kuma a ce masa a'a. Ranar da za a tambaye ni game da rayukan nan huɗu, Yaya ba zai amsa a madadina ba.